Shanyewar ɓarin jiki bayan toshewar jijiyar zuciya: me ya sa likita ya hana a sallami Baba?

Wata ƴar'uwa daga Tawa ta aiko da tambaya. Mahaifinta mai shekara 68, mai hawan jini da ciwon suga, ya kwana biyu da ciwon ƙirji a gida kafin a kawo shi Yamai, aka ce jijiyar gaban zuciya ce ta toshe. Yau kwanansa biyar a asibiti, ciwon ya lafa, yana cin abinci, yana zuwa bayi da ƙafarsa. Yayyenta maza suna so a koma da shi gida don kuɗi sun yi ƙasa, likita kuwa ya ce a dakata, akwai tsoron shanyewar ɓarin jiki, har ya ƙara masa allurar tsinka jini. Tana tambaya: me ya haɗa zuciya da shanyewar jiki, kuma anya ba magungunan ne za su jawo masa abin da ake gudu ba?

Sannu da jinya, ƴar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni likita ne, a ɓangaren masu ciwon zuciya nake aiki a nan Yamai. Likitan da ke riƙe da takardun Baba ya fi kowa sanin halin da yake ciki, amma bisa abin da kika faɗa, da ni ne a madadinsa, abin da ya yi shi zan yi. Lafawar ciwon ƙirji ba ta nuna hatsari ya wuce. Mako biyun farko, har zuwa cikar wata, su ne lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta fi faɗa wa wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe, kuma takan zo ne daidai lokacin da dangi suka fara sakin jiki.

Ga abin da ya haɗa su. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa. Na ƙasa na hagu shi ne mai ƙarfin, shi ke tura jini ko'ina a jiki. Naman da ya kewaye wannan ɗaki yana da nasa jijiyoyin da ke ciyar da shi, babbarsu kuwa ita ce mai gangarowa ta gaban zuciya har zuwa tsininta. In ta toshe, naman da ya dogara da ita yakan fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, in kuma aka kai awa 6 zuwa 12 ba a buɗe ta ba, mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku. Bangon da ya mutu ba ya matsewa. Sauran zuciya na ta aiki, shi yana nan tsaye, jinin da ya shiga lungun sai ya kwanta. Ga fatar cikin ɗakin ta ji rauni ta kumbura, ga jinin mai wannan ciwo ya fi saurin daskarewa a kwanakin nan. Kin san kunu in aka bar shi a kan wuta ba a dama ba, yadda yake gudaji a gindin tukunya. Haka jini ke yi a tsinin zuciya. Gudan yana nan manne da bango, ba zafi ba tari, mai shi bai san da shi ba. Ranar da wani yanki ya ɓalle, sai ya bi babbar jijiya ya fita, kuma cikin rassan farko da zai tarar akwai masu hawa ta wuya zuwa kai. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana shan kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa. Inda gudan ya maƙale, yankin da ke bayansa sai ya rasa jini: hannu ya saki, baki ya karkace, magana ta ɗauke. In ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne, jikin dama ke shanyewa, yawanci har da magana.

Kwana biyun nan da Baba ya yi a gida su suka fi tsaya mini a rai. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan ciwo gyambon ciki ne ko gajiya, masu suga kuma sau da yawa ba sa jin zafin yadda ya kamata, don suga yana dakushe jijiyoyin ji. Sai dai wanda ya iso a makare tabonsa ya fi faɗi, mai faɗin tabo kuma ya fi saurin yin guda. Kafin a samu hanyoyin buɗe jijiya da wuri, kusan ɗaya cikin uku na masu babbar toshewa ta gaban zuciya ana ganin guda a ɗakinsu na hagu. Inda ake buɗe jijiya cikin awoyin farko abin ya ragu ƙwarai, amma Baba bai samu wannan damar ba. Kuma gudan ba lallai ya fito ranar farko ba. Ana iya yin hoton eko, wato hoton da ke nuna cikin zuciya da motsinta, ranar da aka kwantar da mutum a ga ɗakin fes, a sake bayan mako ɗaya ko kwana goma a tarar da shi zaune a tsini. Shi ya sa in likita ya ce a maimaita eko, kada a ce ai an riga an biya an yi.

Bari in ba ki alƙaluma don tsoron ya tsaya daidai gwargwado. Wani nazari da aka buga a 2006, wanda ya tattara binciken asibitoci da dama, ya nuna cikin mutum 1,000 da jijiyar zuciyarsu ta toshe, kusan 11 ne jijiyar ƙwaƙwalwarsu ke toshewa tun suna kwance, 12 zuwa cikar wata, 21 zuwa cikar shekara. Wato mafi yawan mutane suna fita lafiya lau, kuma ina so ki riƙe wannan. Amma ki dubi inda abin ya taru: rabin na shekara duka a kwanakin asibiti yake faruwa. Wani bincike a gundumar Olmsted ta jihar Minnesota a Amurka, da ya fito a 2005, ya gano cewa a kwana 30 na farko hatsarin ya ninka na sauran jama'a sau 44, sannan ya sauko ya tsaya a ninki biyu zuwa uku har tsawon shekara uku. Waɗannan lissafin kowa da kowa ne, babba da yaro, mai ƙaramin tabo da mai babba. Wanda ya haɗa tsufa, hawan jini, suga da toshewar gaba kamar Baba, nasa rabon ya fi haka. Wanda ya taɓa shanyewa a baya, ko wanda zuciyarsa ta gaza har ruwa ya taru a huhu, shi ma yana cikin wannan sahu.

Akwai hanya ta biyu da gudan ke bi, ita kuma daga ɗakunan sama take. Kusan ɗaya cikin goma na masu wannan ciwo, ko fiye, bugun zuciyarsu yakan rikice: ɗakin sama ya daina matsewa, sai karkarwa kawai, jini ya kwanta a wata ƴar jaka da ke jikinsa ya daskare. Rikicewar na iya zuwa ta awa biyu cikin dare ta tafi, da safe a auna a ga komai daidai. Don haka ake maƙala wa mutum wayoyi a ƙirji, ake kuma maimaita gwajin nan na takarda da muke ce wa e-se-je. In Baba ya ce zuciyarsa na dukan uku-uku, ko kika sa yatsu a wuyan hannunsa kika ji bugun ba ya bin ƙa'ida, ki kira ma'aikacin jinya a take, don a kama shi a takarda yana cikin yi. Takardar nan guda ɗaya na iya canja maganin da zai sha har iyakar rayuwarsa. Sauran dalilai ba su kai waɗannan yawa ba: tansiyo ya faɗi ƙasa sosai alhali jijiyoyin wuya da ma sun ƙuntata, ko wani ɗan ɓarɓashi ya ɓalle lokacin da ake zura bututu don buɗe jijiya, wanda ba ya kai ko ɗaya cikin ɗari.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, kuma tambaya ce mai kyau, ba za a share ta ba. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ta toshewa, da ta fashewar jijiya jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Magungunan da ke kare mutum daga ta farko suna ɗan ƙara hatsarin ta biyu. Wanda ya fi wannan hali shi ne allurar narkar da guda, irin su Streptase da Metalyse, da ake yi cikin awa 12 na farko. Babban gwajin da ake kira GUSTO, wanda ya fito a 1993 da mutum sama da 41,000, ya nuna zubar jini a kai ba ta kai 1 cikin 100 ba, kuma ta fi samun tsofaffi, da marasa nauyi ƙasa da kilo 70, da wanda tansiyonsa ke sama lokacin allurar. Shi ya sa ake taka-tsantsan da wanda tansiyonsa ya haura 18 da 11, wato 180 da 110, ba a kuma yi wa wanda jini ya taɓa zuba masa a kai. Hatsarinta a yinin farko yake. Tunda Baba ya iso bayan kwana biyu, da wuya a ce an yi masa ita, in ma an yi, lokacin tsoronta ya wuce.

Abin da yake sha yanzu, mai yiwuwa asfirin ne da Plavix, sai allurar fatar ciki irin Lovenox. Waɗannan ba sa narkar da guda da ƙarfi. Suna hana shi girma ne da hana sabo, jiki ya narkar da tsohon a hankali. Bayan toshewar jijiyar zuciya, mafi yawan shanyewar da ake gani ta toshewa ce, ba ta fashewa ba, don haka ga mutum irin Baba barin maganin ya fi shansa hatsari nesa ba kusa ba. Abin da ke rage hatsarin zubar jini kuwa a hannunku da na likita yake: a auna nauyinsa da aikin ƙodarsa don a daidaita allurar, a riƙe tansiyo, a kuma faɗa wa likita in ya taɓa yin gyambon ciki mai jini ko wata ƴar shanyewa da ta zo ta wuce. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don akwai magani ɗan'uwan Plavix, Efient, da ba a ba wanda ya taɓa shanyewa ko kaɗan.

Ga maganar da na fi so ki ɗauka da nauyi, ke da duk mai kwana wurinsa. Mutum zai zaci wanda abin ya same shi a gadon asibiti shi ne zai fi saurin samun taimako. Sau da yawa ba haka ba ne, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. An san shanyewar da ke faruwa cikin asibiti takan daɗe ba a gane ta ba. Maras lafiya da ma a kwance yake, in ya yi shiru sai a ce barci ne, in maganarsa ta yi nauyi sai a ce magani ne, in ya ƙi cin abinci sai a ce gajiya. Ma'aikacin jinya yana da gadaje da yawa, bai kuma san yadda Baba ke magana ranar da yake lafiya ba. Ke kin sani. Da asuba, da rana, da kuma kafin ya kwanta, ki sa shi ya yi murmushi ki dubi ko gefe ɗaya na baki ya zube. Ya miƙa hannu biyu gaba ya rufe ido ki ƙirga goma, ki ga ko ɗaya na sauka. Ya faɗi sunayen jikokinsa ko ya karanta Fatiha, ki saurara ko harshe na karyewa, ko yana neman kalma ya rasa. Ki lura in kofi ya suɓuce masa, in yana cin gefe ɗaya na kwano ya bar ɗaya, in ya ce ido ɗaya ya yi duhu ko yana ganin abu biyu-biyu, in ya tashi yana tangaɗi. Ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, da amai, da barcin da ba a iya tashinsa, su kuma sun fi nuna zubar jini. Ko da alamar ta zo ta minti biyar ta wuce, ki faɗa. Gargaɗi ne, kuma babbar na iya biyo baya cikin kwanaki kaɗan.

In kin ga ɗaya daga ciki, kada ki jira zagayen safe, kada ki tsaya kiran yayyenki a waya tukuna. Ki je wurin majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ko duk wanda ke bakin aiki ki ce kina zaton shanyewar jiki ce, ki faɗi lokacin ƙarshe da kika gan shi daidai. In ba ki duba agogo ba, ki auna da salla: lafiya lau ya yi isha'i, ko da kiran assalatu ya amsa gaisuwa. Likita da wannan lokacin zai yi lissafi. An ƙiyasta cewa a babbar toshewa ƙwaƙwalwa na asarar ƙwayoyi kusan miliyan 2 a kowane minti. Ki kwantar da shi a gefe, ki ɗan ɗaga kansa. Kada a ba shi komai ta baki: ba ruwa, ba fura, ba ƙwaya, ba rubutu. Na san zuciyar ɗa ba ta son ganin uba a wannan hali hannu sake, kuma addu'a da tofi babu mai hana ku, ku yawaita. Amma shanyewa takan taɓa haɗiya, abin da aka ɗura sai ya bi ta huhu, kuma ciwon huhun da ke biyo baya yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura. A jira a gwada haɗiyarsa. Haka nan kada wani ya ƙara masa asfirin ko ya sa masa maganin tansiyo ƙarƙashin harshe.

Abu na farko da za a yi shi ne a huda yatsa a auna suga, don faɗuwar suga ga mai shan maganinsa tana kwaikwayon shanyewa sak, ana kuma gyara ta nan take. Sai hoton sikana na kai, wanda shi kaɗai ke raba toshewa da fashewa. Ido ba ya rabawa, komai ƙwarewar likita. Akwai allurar narkar da gudan ƙwaƙwalwa da ake yi cikin awa 4 da rabi, amma wanda ke kan Lovenox ko sabon tabo ke zuciyarsa sau da yawa ba ya cancanta. Duk da haka saurin bai faɗi banza ba. In jini ne ya zuba, kowace allurar tsinka jini da aka ƙara ɓarna ce, dole a tsayar a ba da makarinta. In toshewa ce, likita zai auna girmanta ya san ranar da za a ci gaba da maganin. Wannan hukunci ba a yin sa a cikin mota tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni.

Wannan ya kawo mu ga yayyenki. Damuwarsu gaskiya ce, jinya a Yamai tana cin kuɗi, ga masauki ga abinci ga aikin da aka baro. Ina roƙon babbansu ya zauna da likita ido da ido, ya faɗi iyakar ƙarfinsu ba kunya. Ana iya rubuta magani na jenerik maimakon mai tsadar suna, ana iya jinkirta gwajin da ba na gaggawa ba, ana iya nuna muku ofishin taimakon marasa ƙarfi. In sallama ta zama dole, akwai tsaka-tsaki: a sauke Baba gidan dangi a nan Yamai mako biyu ko uku, a maimaita eko, sannan a kama hanya. Tawa kusan kilomita 550 ce, yini guda a mota. Su kuma sa a lissafi cewa jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ta shekaru ce, a ɗaga a kwantar, kuma yawanci a kan matan gida take faɗawa.

Kafin ku fita, ku tabbata kun san ƙarfin bugun zuciyarsa da eko ya nuna. Mai lafiya yana tura sama da kashi 50 cikin 100 na jinin ɗakin a kowane bugu. Ƙasa da 40 hatsari ya ƙaru. Ku ji ko an ga guda, ko an kama rikicewar bugu. In an ga guda, zai sha maganin tsinka jini na baki wata 3 zuwa 6, a sake eko kafin a tsayar. In rikicewar bugu ce, yawanci shan na dindindin ne. Haɗa uku, wato asfirin da Plavix da mai tsinka jini, ba a daɗewa a kai. Galibi akan cire asfirin bayan mako ɗaya zuwa wata, don haka ku nemi a rubuta muku ranar a takarda. In maganin tsinka jinin da aka ba shi Sintrom ne, sai da gwajin jini na INR mai auna tsinkewar jinin, a riƙe shi tsakanin 2 da 3, kuma tun kuna nan ku san inda za ku riƙa yin sa a Tawa da wanda zai duba sakamakon. In hakan zai yi wuya, ku tambayi likita ko Xarelto ko Eliquis za su dace da shi. Ba sa bukatar wannan gwajin, sai dai sun fi tsada. Mai shan Sintrom ba a hana shi ganye ba, amma kada ya yi mako bai ci ba sannan ya wuni kan dambun zogale da kwaɗon rama, don ganye yana rage ƙarfin maganin. Ya riƙa ci daidai wa daida.

A gida, ba ƙaho, ba tsaga, ba cire haƙori sai an sanar da likita. Magungunan ciwon jiki na masu talla, diklofenak da ibuprofen, su ne na fi jin tsoro, don tare da mai tsinka jini suna fasa ciki, suna kuma yi wa zuciya illa. In jiki na ciwo, farasitamol ya isa. Baƙin kashi kamar kwalta, fitsari ja, haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa, duk a koma asibiti ranar. Tansiyo kuwa shi ne uban tafiyar. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, wanda ya fito a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa cikin abubuwan da ke kawo shanyewa a yankinmu. A nemi na'urar awo a gida, a yi ƙoƙarin riƙe shi ƙasa da 13 da 8, wato 130 da 80, in jikinsa ya ɗauka. Gishirin yini kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da kilishi. Taba a bar ta ɗungurum. Maganin kitsen jini, irin Tahor, yana kare ƙwaƙwalwa kamar yadda yake kare zuciya, kada a ce ai an auna kitse ya sauka a daina. Lokacin zafin Afrilu da Mayu ya sha ruwa gwargwadon abin da likita ya yarje masa, batun azumin bana kuma a tambaya kafin wata ya kama. In an sa masa ƴar ragar nan ta ƙarfe a jijiya, asfirin da Plavix ba a tsallake su ko na kwana biyu ba da izinin likita ba, don haka a riƙa sayen na wata mai zuwa tun saura mako guda na hannu ya ƙare.